Jaririn da aka haifa da ƙwayar cutar sida: a fara magani da wuri

A Tabla, kamar sauran garuruwan Filinge da ƙasar Kurfai, mai jego takan yi kwana arba'in tana wanka kafin ta koma ga ayyukanta. Ƙarshen wannan wanka ya zo daidai da wata muhimmiyar rana ga jaririn da uwarsa take ɗauke da ƙwayar cutar sida, wato kanjamau. Ita ce ranar gwajin jininsa na farko. In kina ɗauke da ƙwayar, ko kuwa ba ki taɓa yin gwaji ba, wannan bayani naki ne.

Yaya jariri yake kamuwa?

Ƙwayar tana iya shiga jikin yaro ta hanya uku: yana cikin ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. In uwa ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 suna kamuwa. In tana shansa kullum, tun daga goyon ciki har yaye, waɗanda suke kamuwa ba su kai 5 cikin 100 ba. Saboda haka ki nemi gwaji tun ranar awon ciki na farko.

Me ya sa ba a jira?

Babban mutum yana iya yin shekaru da ƙwayar bai kwanta ba. Jariri ba haka yake ba, don garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba. In ba a ba shi magani ba, ɗaya cikin uku yakan rasu kafin ya cika shekara, rabi kuma kafin shekara 2. Haɗarin ya fi yawa a wata na 2 da na 3. Yaro yana iya zama da ƙiba, yana shan nono da kyau, alhali ƙwayar tana cin sa.

A dā likitoci sukan jira sai yaro ya fara ciwo. A shekarar 2005 aka fara wani bincike a Afirka ta Kudu a kan jarirai 377 masu sati 6 zuwa 12. Cikin waɗanda aka ba magani nan take, 4 cikin 100 suka rasu. Cikin waɗanda aka jinkirta wa, 16 cikin 100 suka rasu. Ganin haka, a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ba kowane jariri magani da zarar an tabbatar yana da ƙwayar, ko yana ciwo ko ba ya ciwo. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Yaya ake gwajin?

Gwajin gaggawa da ake yi wa manya ba ya isa ga jariri, don alamun jinin uwa suna zama a jikinsa har wata 18. Akwai wani gwaji dabam mai neman ƙwayar kanta. Ma'aikacin lafiya zai ɗan soki diddigen yaron, ya ɗiga jini a kan wata takarda, ya busar, ya aika ɗakin bincike.

• Gwaji na farko: sati 4 zuwa 6. Ki haɗa shi da ranar rigakafin sati 6.
• Gwaji na biyu: wata 9.
• Gwaji na ƙarshe: wata 18, ko wata 3 bayan yaye in shan nono ya wuce nan.

Ki tambayi ranar da sakamako zai zo, ki koma a ranar. Sakamakon da ya zauna a gidan likita ba ya ceton kowa.

Wane magani ake bayarwa?

Tun ranar haihuwa ana ba jaririn maganin ruwa, kamar nebirafin, don kare shi daga kamuwa. Daga sati 4 zuwa 6 ana ƙara masa kotirimoksazol, mai kare shi daga ciwon huhu da zawo.

In gwaji ya nuna ya kamu, sai a fara magunguna uku a haɗe, waɗanda ake kira ARV. Tun 2020 akwai ƙwayar dolutegirabir ta yara, mai narkewa cikin ɗan ruwa mai tsabta. Ana ba yaron da ya kai sati 4 da nauyin kilo 3. Yawan magani yana bin nauyin yaro, don haka ki riƙa kai shi awo kowane wata. A Nijar kyauta ake ba da ARV.

Maganin ba ya kashe ƙwayar. Danne ta yake yi, yaro ya girma, ya yi karatu, ya yi aure. A jihar Misisifi ta Amurka, an fara ba wata jaririya magani awa 30 bayan haihuwarta a 2010. Da ta kai wata 18 aka daina. Sama da shekara 2 ba a ga ƙwayar a jininta ba, har aka zaci ta warke. A 2014 ƙwayar ta dawo. Kada ki daina ba yaro magani don kin ga ya yi ƙarfi.

Abubuwan kiyayewa

• Ki ba shi maganin kullum a lokaci guda, misali bayan sallar asuba.
• Nono zalla har wata 6. Ban da bauri, ban da kunu, ban da ruwa, sai ɗan wanda aka narka magani. Gauraya nono da wani abinci tun da wuri tana ƙara haɗari.
• Ke ma ki sha naki maganin kullum, ki ci gaba da shayarwa aƙalla shekara ɗaya.
• In za ki wanka gidan iyayenki, ki tafi da magani da katin awo.
• Ki karɓo sabon magani tun na hannu bai ƙare ba, musamman da damina, lokacin da hanyar Baleyara ko ta Filinge take wuyar bi.
• In yaro ya yi zazzaɓi, ko numfashi da sauri, ko zawo, ko farin baki, ko ya ƙi nono, ki kai shi gidan likita a ranar.

Kai kuma maigida

Ko kana gida ko ka tafi cin rani, wannan aiki naka ne kai ma. Ka yi gwaji, ka sa a gwada sauran yaran gidan. Ka tanadi kuɗin mota na ranar awo. Kada ka ɗora wa matarka laifi: mutum yana iya ɗaukar ƙwayar shekaru bai sani ba. Wajibi ne ma'aikatan lafiya su riƙe sirrinku. Ɗaukar yaron, da wasa da shi, da ci tare da shi, duk ba sa yaɗa cutar.

Ku tuna: in arba'in ta yi, a kai jariri gwaji. In ya kamu, a fara magani ba tare da jinkiri ba.