Shirwa, Jirgi da Daƙiƙa 35

A 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Zariya, arewa da ganuwar birni, inda shirwa da ungulu suka riga jirgi mallakar sararin samaniya. Karo da tsuntsu tsohon haɗari ne: shi ya hallaka matuƙi Cal Rodgers a Amurka a 1912. A 2009 dinyoyi suka kashe injinan jirgin Kyaftin Sullenberger, ya sauka a kogin Hudson, mutum 155 suka tsira. Da aka maimaita tafiyar a na'urar kwaikwayo, wasu matuƙan da suka juya nan take sun kai filin jirgi. Da aka ƙara daƙiƙa 35 na tunani, jirgin bai kai ba. Na'urar da ta manta da firgicin matuƙi yaudarar ɗalibin Zariya take yi.