Kuɗin tagulla na biranen Girkawa a Daular Rum

Zinariya da akasarin azurfar Daular Rum hukumar sarki ce ke buga su. Canjin cefane kuwa, a gabashin daular, birane aka bar wa, kowane ya buga nasa na tagulla da rubutun Girkanci, don shi ne harshen kasuwa a can. Tun daga zamanin Augustus, wanda ya hau mulki a shekara ta 27 kafin Miladiyya, birane fiye da 500 suka yi wannan bugu, galibinsu a Turkiyya ta yau, da Girka, da Sham.

Fuska ɗaya ta sarki ce: kansa, da laƙabinsa, Autokrator Kaisar Sebastos. Bayan kuma na gari ne, kuma a nan ake baje kolin alfahari. Afisa ta sa gunkin Artemis da haikalinta, Simirna ta sa mawaƙi Homer don tana cewa ɗanta ne. Su biyun da Pergamum sun daɗe suna gasar wace ce "ta farko a lardin Asiya", har suna lissafa a jikin kuɗi yawan haikalin bautar sarki da aka yarje musu su gina. Wanda ya fi ɗaukar ido shi ne na Apamea a ƙasar Firjiya, a ƙarni na 3: jirgi mai siffar akwati, namiji da mace a ciki, tsuntsu na sauka da reshe, ga sunan Nuhu a jikin jirgin da baƙaƙen Girkanci.

Ba kowane gari ke da maƙerarsa ba. A 1972 masani Konrad Kraft ya nuna cewa hatimi guda na kan sarki yakan fito a kuɗin garuruwa daban-daban, wato maƙera ɗaya ce ke karɓar aikinsu.

Bugun ya kai ƙololuwa a zamanin Septimius Severus (193–211) da magadansa. Abin da ya kashe shi lalacewar azurfa ce. A zamanin Gallienus (253–268) kuɗin azurfar sarki ya koma kusan tagulla zalla, sai buga manyan kwabbai ya zama asara, birane suka yi ta dainawa. Perge ta jure har zamanin Tacitus (275–276). Iskandariya ta Masar, mai tsarinta na daban, ta ci gaba har sarki Diocletian ya soke shi wajen 296.