Hawan itace da igiya: dabaru da ƙa'idojin kare rai

Mai gyaran itace da igiya shi ne wanda ke hawa bishiya yana ɗaure, don ya rage rassa, ya cire busassu, ko ya sauke itacen guntu-guntu a wurin da ba za a iya kayar da shi lokaci guda ba, kamar tsakanin gidaje. A Faransa ana kiransa élagueur ko arboriste-grimpeur, kuma sana'a ce da ake koyo a makaranta a karɓi takardar shaida. A Amurka ƙungiyar masu wannan aiki, ISA, ta samo asali tun 1924, ta kuma fara gasar hawan itace a 1976.

A Marwa, Yamai da Njamena, inda darbejiya da maɗaci suka yi wa tituna inuwa, aikin nan yana nan kullum, sai dai mai hawan yakan tafi da adda ko gatari kawai, ba igiya. Da yawansu gwanaye ne, amma gwaninta ba ta riƙe mutum idan reshen da ya taka ya ɓalle.

Babbar ƙa'ida

Mai hawa ba ya rabuwa da igiya daga barinsa ƙasa har saukarsa, kuma lokacin yanka dole ya kasance a ɗaure ta wuri biyu dabam-dabam: doguwar igiyar hawa, da gajeriyar igiyar da ke zagaye jikin itacen daga ƙugunsa. Idan zarto ya yanke ɗaya, ko reshen da ke riƙe da ita ya karye, ɗayar ta tare shi. Dokar Faransa ta 4 ga Agusta 2005 ta yarda a hau itace da igiya ɗaya, bisa sharaɗin idan maɗaurin ya karye faɗuwar ba za ta wuce mita 1 ba, kuma da zarar mutum ya tsaya aiki sai ya ƙara maɗauri na biyu. A Birtaniya an fi tsanantawa: tun 2020 jagoran sana'ar ya koma kan igiya biyu a matsayin abin da aka saba.

Kayan aiki

Igiyar hawa tana da kauri milimita 11 zuwa 13, ba ta miƙewa sosai, kuma ma'aunin Turai na EN 1891 ya ce kada ta tsinke ƙasa da kiloniyutan 22, wato wajen kilo 2,200. Igiyar roba irin ta guga da ake saye a kasuwa ba ta shiga nan ko kaɗan. Tana narkewa a zafin da bai wuce digiri 165 ba, rana kuma tana cinye ta, alhali gogayyar ƙulli lokacin sauka tana haifar da zafi mai yawa. Sai ɗamarar zama mai riƙe ƙugu da cinyoyi, ƙugiyoyin ƙarfe masu kulle kansu waɗanda sai an yi motsi uku suke buɗewa, hular kwano mai maɗaurin haɓa, tabarau, da wandon da ke tsayar da sarƙar zarto. Ƙarafa masu tsini da ake ɗaurawa a ƙafa na itacen da za a sauke gaba ɗaya ne. A jikin rayayyen itace suna barin raunuka.

Kafin a hau

A duk wannan tsari, abin da ba a san ƙarfinsa ba shi ne itacen kansa, domin babu masana'antar da ta gwada shi. Shi ya sa ake zagaya shi tun daga gindi: kogo, tsagewa, naman kaza a jiki, ƙasar gara, saiwoyin da aka sare lokacin haƙa kwalbati. A ɗaga kai a nemi matattun rassa masu rataye da gidan zuma ko rina. Sai wayar lantarki. A Faransa ba a kusantarta ƙasa da mita 3, ko mita 5 idan ƙarfinta ya kai bolt 50,000, kuma ɗanyen reshe da ya taɓa waya ya isa ya kai wa mutum wutar.

Sa igiya da hanyoyin hawa biyu

Daga ƙasa ake jefa 'yar jaka mai nauyin giram 250 zuwa 400, ɗaure da siririn zare, ta ƙetare gwafar da aka zaɓa, sannan a ja babbar igiya da zaren. An fi son igiyar ta zagaye jikin itacen a saman reshe, ba ta rataya a reshen kaɗai ba. Kafin a bar ƙasa a gwada wurin da cikakken nauyi.

Tsohuwar hanya ita ce igiya mai tafiya. Tana ƙetare gwafa ta dawo, bakinta ɗaya a ɗamara, ɗayan ɓangaren kuma yana bi ta ƙulli mai riƙo. Mai hawa yana jan mita 2 na igiya kafin ya tashi mita 1, amma yana ɗaga kusan rabin nauyinsa ne kawai. Da yake igiyar tana goga a gwafa, ana sa wani maɗauri mai zobba biyu don kare ɓawon itacen da igiyar.

Ta biyu ita ce igiya tsayayya: ba ta motsi, mutum ne ke hawa a kanta da na'urorin riƙo a ƙafa da gwiwa. Ta fi sauri a dogon itace, amma tana da tarko. Idan aka ɗaure bakinta a gindin itacen bayan ta ƙetare reshe, reshen yana ɗaukar kusan ninkin nauyin mutum: mai kilo 80 ya ɗora masa wajen kilo 160. Wanda bai san wannan lissafi ba zai amince da reshen da bai kamata ba.

Ƙullin riƙo kuwa yana zamewa idan an tura shi da hannu, yana cizo idan nauyi ya hau. Mafi shahara shi ne Prusik, mai sunan Karl Prusik, ɗan Ostiriya mai hawan duwatsu da ya bayyana shi a 1931. Akwai kuma Blake, Distel da Valdôtain, da na'urorin ƙarfe irin su Zigzag na kamfanin Petzl. Kowanne aka zaɓa, ana yin ƙulli a ƙarshen igiya don kada mutum ya zame ya fita. Jagoran Birtaniya ya ce kada sakin igiya ya wuce santimita 50, kada kuma a hau sama da maɗauri fiye da santimita 25, domin igiyar da ba ta miƙewa tana mayar da gajeriyar faɗuwa mummunar fizga.

Yanka da sauke rassa

Zarto mai inji da hannu biyu ake riƙe shi, ko da ƙarami ne. Reshe mai nauyi ana fara yanka shi daga ƙasa, sannan daga sama, don kada ya ɓare ɓawo. Idan akwai rufi a ƙasa, ana sauke shi da wata igiya dabam, wadda ba a taɓa hawa da ita. Mai hawa yana yin kira kafin ya saki komai, ba ya saki sai na ƙasa ya amsa.

Ba a yin aikin mutum ɗaya. Dole a sami na biyu a ƙasa wanda ya iya hawa, da kayansa a shirye, saboda wanda ya suma yana rataye a ɗamara jini na taruwa a ƙafafunsa, kuma cikin 'yan mintoci lamarin yana iya ɓaci. Saboda haka dokar Faransa ta sa dabarun ceto cikin horon da ake bai wa mai hawa.