Ɗanmaraya Jos (1946–2015)

Alhaji Adamu Wayya, wanda aka fi sani da Ɗanmaraya Jos, makaɗi ne kuma mawaƙin Hausa da ya yi fice da kiɗan kuntigi. An haife shi a Bukuru, kusa da Jos, a shekarar 1946, ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. Masana waƙar baka suna sanya shi a rukunin makaɗan jama'a, wato waɗanda ba su jingina da fadar wani sarki ɗaya ba, tare da irin su Mamman Shata mai kalangu da Haruna Uji mai gurmi. Ko a cikin wannan rukuni ma ya fita daban, domin a mafi yawan waƙoƙinsa shi kaɗai yake tsayawa, ba 'yan amshi, ba sanƙira. Shi ke shirya waƙar, shi ke kaɗa ta, shi ke rera ta.

Asali da tasowa

Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne. Ya rasu ba da jimawa ba bayan haihuwar yaron, mahaifiyar ita ma ta bi shi tun Adamu yana jariri. Sarkin Hausawan ne ya ɗauke shi ya riƙe, kuma daga wannan maraici laƙabinsa ya samo asali.

Garin da ya tashi a cikinsa yana da hannu sosai a irin waƙar da ya yi daga baya. A wancan lokaci Bukuru garin haƙar kuza ne, wanda ya cika da leburori da 'yan kasuwa daga sassa daban-daban na Arewa tun farkon mulkin Turawa. Hausawan wurin baƙi ne da suka zo neman abinci, suna zaune a ƙasar wasu ƙabilu, ƙarƙashin Sarkin Hausawa. Irin wannan tsari ne ake samu a zangunan Hausawa na Kudu, musamman Sabon Ibadan, unguwar da aka keɓe wa Hausawa a 1916, wadda ta rayu a kan cinikin goro da shanu, kamar yadda Abner Cohen ya bayyana a littafin da ya wallafa a kanta a 1969. A zango, sunan kakan mutum ba ya ciyar da shi. Abin da ake dubawa shi ne sana'arsa da amanarsa da maigidan da ya tsaya masa. Mutanen da yaro zai buɗe ido ya gani a irin wannan wuri su ne fatake da dillalai da 'yan kamasho da 'yan dako da direbobi da yaransu, kuma su ne suka cika waƙoƙin Ɗanmaraya.

Tun yana ƙarami ya nuna sha'awar kiɗa, yana raɓar makaɗan gari. A wata tafiya da ya yi Maiduguri yana yaro ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa. Daga nan sai ya haɗa nasa da hannunsa, bai kuma sake rabuwa da shi ba.

Kuntigi

Kuntigi ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya. Yawanci da gwangwanin kifi ake yin ƙoƙonsa, a rufe bakin da fatar akuya, a soka ɗan sanda, a ɗaura tsirkiyar. Duk kayan haɗa shi ba su fi ƙarfin almajiri ba. Idan aka ajiye shi kusa da kotson Narambaɗa ko na Ɗanƙwairo, ko taushin Jankiɗi, waɗanda ke tafiya da ƙungiyar makaɗa da dawaki da manyan riguna na kyautar sarakuna, za a ga tazarar da ke tsakanin duniyar fada da duniyar tasha.

Yadda Ɗanmaraya ke sarrafa shi yana da tsari bayyananne. Kowace waƙa tana da ɗan gajeren salon kiɗa nata, wanda yake maimaitawa da sauri kafin ya fara rerawa, da kuma duk inda ya tsaya ya numfasa tsakanin baiti da baiti. Da zarar ya buɗe baki, sai tsirkiyar ta bar wancan salo ta bi muryarsa, ta hau inda ya hau, ta sauka inda ya sauka. Saboda Hausa harshe ne mai karin sauti, mai sauraro kan ji kamar kuntigin ma yana faɗar kalmomin. Aikin da 'yan amshi ke yi wa sauran mawaƙa, na ba su sararin hutawa da tuno abin da za su faɗa, tsirkiyar nan ce ke yi masa. Ƙarancin sautin da kuntigi ke iya fitarwa ya tilasta wa magana ta fito fili, shi ya sa da wuya a ji kalmar da kiɗa ya danne a waƙarsa. A ganin mai wannan rubutu, nan ne gwanintarsa ta fi bayyana.

Waƙoƙinsa

Yabo shi ne ƙashin bayan sana'ar makaɗin Hausa, kuma Ɗanmaraya bai kauce wa wannan ba. Abin da ya sauya shi ne wanda ake yaba wa. Waƙar da ta fara fito da shi, wadda har yau ake haɗa sunansa da ita, ita ce ta Karen Mota. Karen mota shi ne yaron direban babbar mota, wanda ke lodi da sauke kaya, ya ɗebo ruwan lagireto, ya dirgo da gudu ya sa weji a bayan taya idan mota ta tsaya a hawa, ya shiga ƙarƙashinta idan ta lalace a daji, ya kwana a kan kaya yana gadi. Tufafinsa kullum cikin baƙin mai suke, sunan da aka ba shi ma na raini ne. Motocin da ke ɗaukar huhunan goro daga Ibadan da Shagamu zuwa Kano ba sa tafiya sai da shi, amma babu wanda ke tunanin ya cancanci kirari. Ɗan makaɗin sarki ya ɗauki salon da ubansa ke wasa sarki da shi, ya wasa wannan yaro. A al'ummar da waƙa ke bin sarauta da dukiya, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, kuma shi ya buɗe masa ƙofar zukatan talakawa.

A lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙin ƙarfafa gwiwar sojojin tarayya, inda ya riƙa kawo hoton abin da ke faruwa a fagen daga.

Sai dai waƙoƙinsa na zamantakewa ne suka fi daɗewa a bakin mutane, musamman na aure. A Jawabin Aure ya jero matsalolin da saki ke haifarwa, ya ja hankalin ma'aurata su yi haƙuri da juna. A Auren Dole ya soki iyayen da ke ɗaura wa 'ya'yansu mata aure da wanda ba sa so. Gulma Wuya kuwa labari ne na yadda mai kai gulma ke shiga tsakanin masu shirin aure har ya wargaza shi. A irin waɗannan waƙoƙi yakan sauya murya, ya yi ta miji, ya yi ta mata, ya yi ta magulmaci, har mutum ɗaya da tsirkiya ɗaya su zama wasan kwaikwayo cikakke. Mai sauraro yana dariya, yana kuma gane gidansu ko na maƙwabcinsa a ciki. Mai Akwai da Babu ta dubi zaman mai hali da marar shi, Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali kuma ta dubi butulci da saurin juyawar mutane.

Ya kamata a lura cewa Ɗanmaraya bai zama mawaƙin tawaye ba. Yana nuna wa mai kuɗi haƙƙin da ke kansa, yana nuna wa talaka darajar guminsa, amma maganin da ya fi bayarwa shi ne haƙuri da riƙon gaskiya da tsoron Allah. Wasu za su ga hakan sassauci ne ga masu iko. Amma wanda ya san zaman zango, inda baƙo ke neman abinci a tsakiyar mutanen da ba nasa ba, ya san abin da ya sa haƙuri da amana suke da wannan tsada.

Karramawa da adana ayyukansa

Gidajen rediyo, musamman na Kaduna, da faifan garmaho da kaset ne suka kai muryarsa duk inda ake jin Hausa, daga Nijar har zangunan Gana. Gwamnatin Najeriya ta ba shi lambobin girma na MON da OON, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Manazarta sun yi rubuce-rubuce a kansa, ciki har da Graham Furniss a littafinsa na 1996 kan adabin Hausa. Ya ci gaba da zama a Jos har ƙarshen rayuwarsa, duk da rikice-rikicen da suka addabi garin tun daga 2001.

Masu shirya kiɗa irin na Turai, kamar Fela Sowande da Akin Euba a Najeriya, sun bar ayyukansu a rubuce cikin alamomin kiɗa, ta yadda wani zai iya ɗauka ya kaɗa bayan ransu. Ɗanmaraya bai bi wannan hanya ba, domin a al'adar waƙar baka ta Hausa yawanci mai shirya waƙa da mai rera ta mutum ɗaya ne. Abin da ya rage na aikinsa shi ne sautin da aka naɗa. Yawancin waƙoƙin yanzu suna yawo ne a wayoyin hannu da intanet, sau da yawa ba tare da shekarar da aka yi su ko wurin da aka ɗauke su ba, kuma tattara su wuri ɗaya da tantance tarihin kowaccensu aiki ne da ya hau kan jami'o'i da gidajen rediyon da ke riƙe da tsofaffin faya-fayan.