Suna Linzami: Tarihin Barandi daga Tukunyar Turare zuwa Gangunan Cognac

Maudu'inmu na wannan mako zai iya sa wasu su ɗaga gira, don haka bari mu faɗa tun daga farko: barasa haramun ce a addininmu, kuma wannan rubutu ba tallarta ba ne. Sai dai a littattafanmu mun sha sa attajirin banza ko ɗan siyasa ya buɗe kwalba a otal, mu ce "ya tsiyaya barasa mai tsada", mu wuce. Rashin sani ya fi dare duhu. A cikin wannan kwalba akwai tarihin malaman Bagadaza, da 'yan kasuwar Holan, da cinikin bayi, da dokokin Turawan mulkin mallaka a Arewa. Akwai kuma darasi a kan yadda sunan gari yake zama dukiya.

Mene ne barandi?

Barandi barasa ce da ake samu daga ruwan inabi ko na wani ɗan itace bayan ya yi tsami. Ana zuba shi a tukunya a rufe, a hura wuta. Sinadarin da ke bugarwa yana tafasa a kusan digiri 78, ruwa kuwa sai ya kai 100, don haka shi yake fara tashi a matsayin tururi. Tururin yana bi ta bututu, a sanyaya shi, ya ɗiga ya koma ruwa mai ƙarfi ninkin na farko. Abin da ya raba barandi da wiski shi ne asali: wiski daga hatsi yake, barandi daga 'ya'yan itace.

Tukunyar da aka ƙera don turare

Wannan tukunya ta girmi barandi nesa ba kusa ba. Masu binciken sinadarai a Iskandariya ta Masar suna amfani da irinta tun ƙarni na 3 miladiyya. Da ilimin ya shiga hannun malaman Musulunci, sai suka kyautata ta suka kira ta al-anbiƙ. Sunan Jabir bin Hayyan na ƙarni na 8 yana cikin waɗanda ake jingina wa wannan aiki. A ƙarni na 9, Al-Kindi na Bagadaza ya rubuta littafi a kan haɗa turare da tatso shi ta hanyar tururi. Abin da suka fi nema shi ne ruwan wardi, da turaruka, da magunguna.

Turawa sun karɓi tukunyar tare da sunanta ta hanyar littattafan da aka fassara daga Larabci zuwa Latin a Andalus da kudancin Italiya. Har gobe Faransawa alambic suke ce mata. Ita kanta kalmar alcohol daga al-kuhl ta fito, wato kwallin nan na ido. Da farko tana nufin gari mai laushin gaske, daga baya ta koma nufin tataccen abu kowane iri, sai a ƙarshe ta tsaya a kan barasa.

A ƙarni na 12 da na 13 likitocin Salerno da Bologna a Italiya suka fara tatsar ruwan inabi, suka sa masa suna da Latin mai ma'anar "ruwan rai". A kantin magani ake sayar da shi, ɗigo-ɗigo. A 1310 wani malamin coci, Vital du Four, ya lissafa amfani arba'in da ya ce ruwan yankin Armagnac yana da su. Da wannan rubutu mutanen Armagnac suke kafa hujja cewa nasu ne barandi mafi tsufa a Faransa.

'Yan kasuwar Holan da kogin Charente

Ciniki ne ya fitar da shi daga kantin magani. A ƙarni na 16 da na 17 jiragen ruwan Holan suna zuwa yammacin Faransa, bakin kogin Charente, sayen gishiri da ruwan inabi. Ruwan inabin yankin ba ya jure doguwar tafiya, yakan lalace a hanya. Idan aka tatse shi kuwa, ba ya lalacewa, kuma ganguna da yawa sukan koma ɗaya, kuɗin dako ya ragu. Mutanen Holan suka kira shi brandewijn, wato ƙonannen ruwan inabi. Ingilishi suka gutsure kalmar, mu kuma muka karɓa muka ce barandi.

Garin Cognac, wanda ake furtawa Konyak, yana bakin wannan kogi. A nan aka tsaya a kan tsarin da ake bi har yau: a tatsa sau biyu a tukunyar jan ƙarfe, sannan a zuba a gangar katakon oak a ajiye aƙalla shekara biyu. Lokacin da ya fito daga tukunya fari ne tas kamar ruwa. Katakon ne yake ba shi launin ja-ja da ƙamshi. Duk shekara wani kaso yana ƙafewa ta jikin ganga, su kuma suna kiransa "rabon mala'iku".

Manyan gidajen Cognac da yawa baƙi ne suka kafa su. Jean Martell ya zo daga tsibirin Jersey ya kafa nasa a 1715. Richard Hennessy, mutumin Ireland da ya yi soja a rundunar Faransa, ya kafa nasa a 1765. Saboda a wancan lokaci Ingila ce babbar kasuwa, haruffan da ke jikin kwalbar na Ingilishi ne duk da kayan na Faransa ne. VS yana nufin shekara biyu a ganga aƙalla, VSOP huɗu, XO kuwa goma tun daga 2018. Fiye da kashi 95 cikin 100 na Cognac ƙasashen waje ake kai shi.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi

Da tukunyar ta bazu, kowace ƙasa ta zuba abin da take nomawa. Armagnac, a kudu maso yammacin Faransa, yawanci sau ɗaya ake tatsarsa, kuma ƙananan manoma ne suka fi yin sa. Yankin ba shi da saukin fita teku kamar Cognac, shi ya sa sunansa bai yi nisa kamar na ƙanensa ba. A Normandy, inda sanyi bai bar inabi ya yi kyau ba, tuffa aka tatsa aka samu Calvados. Akwai rubutun wani mai gona, Gilles de Gouberville, da ya ambaci wannan aiki a 1553.

A kudancin Sifaniya akwai barandin Jerez, garin da Larabawan Andalus suke kira Sharish. Tsohuwar tukunyarsu alquitara suke ce mata, daga Larabcin al-ƙaɗɗara, mai ɗigowa. Tataccen ruwan da suke sayar wa 'yan Holan kuma holandas ake kiransa har yau. Suna jera ganguna hawa-hawa, a ɗebi na sayarwa daga mafi tsufa, a cike gurbin da na hawan da ke bi masa, ta yadda sabo da tsoho kullum suna gauraye.

Talakan Italiya kuwa tuƙar da ta rage bayan an matse inabi, ɓawo da ƙwallaye, ita ya tatsa ya samu grappa. A Sabiya da maƙwabtanta ana tatsar plum, wani ɗan itace mai ƙwallo ɗaya, a samu slivovitz, wanda UNESCO ta sa al'adarsa ta Sabiya a jerin al'adun duniya a 2022. A kudancin Jamus da Switzerland ceri ake tatsa a samu kirsch. A Armeniya an kafa masana'antar barandi a Yerevan a 1887.

Turawan Sifaniya sun kai itacen inabi Kudancin Amurka a ƙarni na 16, kuma daga nan aka samu pisco, mai sunan wata tashar jiragen ruwa a Peru. Na Peru ba a sa shi a gangar katako, ba a kuma ƙara masa ruwa. A Afirka ta Kudu, kamfanin Holan ya kafa zango a Cape a 1652, aka matse inabin farko a 1659, aka tatsi barandin farko a 1672 a cikin wani jirgin ruwa da ya tsaya a gaɓar.

Yadda suna ya zama katanga

A shekarun 1870 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, phylloxera, wanda ya shigo daga Amurka, ya cinye gonakin inabin Cognac. An farfaɗo ne ta hanyar aura reshen inabin Turai a kan saiwar inabin Amurka mai jure ƙwaron. Amma a shekarun ƙaranci, jabu ya cika kasuwa, kowa yana rubuta Cognac a kwalbarsa. Manoma da 'yan kasuwa suka matsa wa gwamnati, a 1909 aka shata iyakar yankin da ke da ikon amfani da sunan, a 1936 aka kafa cikakkiyar doka a kan irin inabi da yadda za a tatsa. Armagnac ma ya samu nasa a waɗannan shekaru biyu, Calvados a 1942.

Faransa ta ɗauki maganar da zafi har ta sa ta a yarjejeniyar Versailles ta 1919 da ta rufe Yaƙin Duniya na Ɗaya: aka hana Jamusawa kiran nasu Cognac, dole suka koma ce masa Weinbrand. Armeniya, wadda ta gaji kiran nata konyak tun kafin zamanin Tarayyar Sobiyet, ta amince a yarjejeniyarta da Tarayyar Turai ta 2017 cewa za ta bar sunan sannu a hankali. Peru da Chile kuwa har yau suna jayayya a kan pisco. Chile ta yi dokar sunan a 1931, sannan a 1936 ta canza sunan wani gari daga La Unión zuwa Pisco Elqui don ta ƙarfafa hujjarta.

Abin da ya iso gaɓarmu

Rashin lalacewa da sauƙin ɗauka, waɗanda suka sa 'yan Holan suka so barandi, su ne suka sa ya shiga jerin hajojin cinikin bayi. A ƙarni na 17 da na 18 jiragen Turawa suna sauke shi a gaɓar Senegal, da Gold Coast wato Ghana ta yau, da Ouidah a Benin, tare da yadi, bindiga, albarushi da sandunan ƙarfe. Ana ba sarakunan gaɓa a matsayin gaisuwa kafin a buɗe ciniki, ana biyan masu kwale-kwale da shi, ana kuma musayarsa da 'yan Adam. Daga baya rum na rake ya rage masa kasuwa, a ƙarni na 19 kuma jin mai arha daga Holan da Jamus ya mamaye, har kwalbarsa ta zama kamar kuɗi a wasu kasuwannin kudancin Nijeriya. A gonakin inabin Afirka ta Kudu an daɗe ana biyan leburori wani ɓangare na ladansu da barasa. An haramta tsarin a shekarun 1960, amma bai mutu nan take ba, kuma illarsa ga iyalai tana nan.

A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels, wadda ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba saboda addini ko wani dalili. A ƙarƙashinta aka ayyana Arewacin Nijeriya yankin hani, kuma gwamnatin Lugard ta riƙe wannan doka daga 1900. A Kudu kuwa harajin barasar da ake shigowa da ita yana cikin manyan hanyoyin kuɗin shigar gwamnati. Arewa ba ta da wannan haraji, kullum kasafinta da giɓi, kuma neman cike giɓin da kuɗin Kudu yana cikin dalilan haɗe ƙasar a 1914. Ke nan duk wanda zai rubuta labarin da ya faru a zamanin Turawa, ya kamata ya san cewa kwalbar barandi a Kano ta wancan lokaci a gidan Bature ko kulob ɗinsu ake ganinta, ba a kasuwar Kurmi ba.

Abin ɗauka

Mu duba jerin nan kuma: Cognac, Armagnac, Calvados, Jerez, Pisco. Duk sunayen wurare ne. Manoman waɗannan wurare sun rubuta yadda ake aikin, sun shata iyaka, sun kai maganar majalisa da teburin sulhun yaƙi, shi ya sa ribar sunan take komawa gida. Mu kuma fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa ta ƙetare Sahara ƙarni bayan ƙarni, ta isa Turai da sunan fatar Maroko, don a tashoshin can aka loda ta. Aikin namu ne, sunan na wani.

A nan marubuci yake da aiki. Hujjar Armagnac takarda ce ta 1310, ta Calvados littafin ajiyar wani manomi ne na 1553. Rinin Ƙofar Mata, da kilishi, da jimar Sakkwato, da saƙar tabarma, duk suna buƙatar wanda zai zauna da masu sana'ar ya rubuta sunayen kayan aikinsu, da matakan aikin, da shekarun da abubuwa suka canza, tun dattawan suna raye. Aikin gida na wannan mako: kowa ya zaɓi sana'a ɗaya ta garinsu, ya nemo mai yin ta, ya kawo mana shafi guda da sunayen abubuwa yadda masu sana'ar suke faɗarsu.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya kare mu daga abin da ya haramta. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.