Madarar kurkum

Madarar kurkum wani abin sha ne na gargajiya a ƙasar Indiya, wanda ake haɗawa da madara mai ɗumi da garin kurkum, wani lokaci a ƙara masoro, citta, kirfa ko man shanu. A harshen Hindi ana kiran ta haldi dud, wato kurkum da madara. Tana cikin sanannun haɗe-haɗen gida na Ayurbeda, tsarin maganin gargajiyar Indiya, kuma iyaye kan ba wa yara ita da dare idan mura ko tari ya kama su, ko kuma sun ji rauni.

Suna

Kurkum, wanda ake kuma kira gangamau a Hausa, saiwa ce mai launin rawaya daga dangin citta, sunansa na kimiyya Curcuma longa. Hausa ta aro kalmar kurkum daga Larabci, kuma daga wannan kalmar Larabcin ne sunan Latin ɗin ya fito, don haka sunan da ake ji a kasuwa da wanda ke cikin littattafan kimiyya tushensu ɗaya. Kalmar haldi kuwa ta samo asali ne daga haridra ta harshen Sanskirit, sunan da tsiron ke ɗauke da shi a tsofaffin littattafan Ayurbeda irin su Caraka Samhita da Sushruta Samhita.

Yadda ake haɗa ta

Ana zuba kofi ɗaya na madara a tukunya, a sa kimanin rabin ƙaramin cokali na garin kurkum da ɗan masoro kaɗan, a bar shi a kan wuta marar ƙarfi na mintuna kaɗan ana juyawa. Wasu gidajen suna daka ɗanyar saiwar maimakon gari. Idan za a sa zuma, sai an sauke madarar ta huce, domin Ayurbeda ta hana dafa zuma, ta kuma hana haɗa zuma da man shanu daidai wa daida.

Matsayinta a Ayurbeda

Ayurbeda tana bayyana lafiya a matsayin daidaituwar abubuwa uku a jiki, wato bata, pitta da kafa. Ana ɗaukar kurkum a matsayin mai ɗaci da zafi da busarwa, saboda haka ake ba da shi ga majina da cututtukan fata. Madara kuma ana ɗaukarta mai sanyi da nauyi, tana rage kaifinsa, tana kuma zama abin da ke kai magani cikin jiki, wanda suke kira anupana. Wannan bayani ne na al'ada, ba a gina shi a kan gwajin asibiti ba.

Abin da bincike ya nuna

Sinadarin da ke ba kurkum launinsa shi ne kurkumin, wanda aka fara ware shi a shekarar 1815. Bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na garin ba, ba ya narkewa a ruwa, kuma hanji da hanta suna saurin fitar da shi kafin ya kai cikin jini. A nan ne haɗin gargajiyar ya yi dace: kurkumin yana narkewa a maiƙo, wanda madara da man shanu ke da shi, masoro kuma yana ɗauke da sinadarin fiferin mai rage saurin fitarwar. Wani bincike da aka yi a birnin Bangalo a 1998 ya nuna cewa miligiram 20 na fiferin ya ninka yawan kurkumin da ke shiga jini kusan sau ashirin. Sai dai mutanen da aka gwada kaɗan ne, kuma giram 2 na tsantsar kurkumin aka ba su, adadin da ya ninka abin da ke cikin kofin madara sau da yawa.

A ɗakin gwaje-gwaje kurkumin yana rage kumburi, kuma wasu gwaje-gwaje a kan mutane sun nuna ɗan sauƙi ga masu ciwon gwiwa. Babu tabbatacciyar hujja cewa yana warkar da kansa ko ciwon sukari, duk da yadda masu talla ke yawan faɗa. Citta ce ma ta fi samun goyon bayan bincike, musamman wajen rage tashin zuciya.

A 1995 hukumar rajistar ƙirƙira ta Amurka ta ba wasu masu bincike biyu a Jami'ar Misisifi haƙƙin mallakar amfani da kurkum wajen warkar da rauni. Majalisar binciken kimiyya da masana'antu ta Indiya ta ƙalubalanci hakan da tsofaffin rubuce-rubuce da ke nuna an daɗe da sanin wannan amfani, aka soke haƙƙin a 1997.

Hattara

Adadin da ake sawa a abinci ba ya cutar da yawancin mutane. Matsalar ta fi fitowa daga ƙwayoyin kurkumin masu ƙarfi, musamman waɗanda aka haɗa da fiferin: an samu rahotannin lalacewar hanta a Italiya a 2019, hukumar magunguna ta Ostareliya ma ta yi gargaɗi a 2023. Masu shan maganin tsinka jini da masu tsakuwar matsarmama su tuntuɓi likita tukuna. Ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma.

Akwai kuma algus. A Bangaladash an gano wasu masu sarrafa kurkum suna shafa wa saiwar wani fenti mai ɗauke da dalma domin ta ƙara haske a idon mai saye, dalma kuwa tana lalata ƙwaƙwalwar yara. Bayan hukumomin ƙasar sun tsananta bincike a kasuwanni daga 2019, wannan algus ya ragu ƙwarai.