M-185: Tarihin Hanyar Jihar da Mota Ba Ta Hawa

Jihar Michigan ta Amurka ta yi suna a duniya saboda masana'antun ƙera motoci na birnin Detroit, amma a cikinta ne ake da hanyar gwamnatin jiha tilo a duk faɗin ƙasar da doka ta hana motoci bi. Sunanta M-185. Tsawonta mil 8 ne, kusan kilomita 13, ta kewaye tsibirin Mackinac da ke tafkin Huron, inda ta faro nan take ƙarewa. Ba ta haɗe da wata hanyar jiha ba, mai son taka ta sai ya shiga jirgin fito daga Mackinaw City ko St. Ignace. Tarihinta hujja ce cewa darajar hanya tana ga abin da take riƙe wa mutanen wurin na rayuwa da sana'a, ko da kuwa babu tayar mota ɗaya a kanta.

Dokar hana mota ta girmi hanyar. A 1875 majalisar dokokin Amurka ta mayar da babban ɓangaren tsibirin gandun shaƙatawa na ƙasa, na biyu bayan Yellowstone. A 1887 aka buɗe Grand Hotel, masu hali daga Chicago da Detroit suka riƙa zuwa hutun bazara, yawo da baƙi a keken doki ya zama abincin mutanen gari. A 1895 gandun ya koma hannun jihar Michigan ƙarƙashin wata hukuma ta musamman. Da motocin farko suka fara firgita dawaki, masu keken doki suka kai kuka majalisar gari, ita kuma ta haramta mota a 1898, hukumar gandun ta bi sahu a 1901. Saboda haka da jiha ta gina hanyar bakin ruwa tsakanin 1900 da 1910, da doki da keke da mai tafiya a ƙasa ta yi awo, shi ya sa ba ta kai sauran hanyoyin jiha faɗi ba. A 1933 aka ba ta lambar M-185, aka shimfiɗa mata kwalta a shekarun 1950.

Wanda ya bi ta daga tsakiyar gari zai wuce ƙarƙashin sansanin soja na Fort Mackinac, wanda Turawan Ingila suka fara ginawa a 1780, ya ratsa Mission Point, ya iso gindin Arch Rock, dutsen farar ƙasa mai kama da bakan gizo da ke kimanin mita 45 sama da ruwa. Bayan ya zagaya ta arewa sai British Landing, inda sojojin Ingila suka sauka da dare a watan Yulin 1812 suka ƙwace tsibirin. Daga gaɓar yamma ana hango gadar Mackinac da aka buɗe a 1957, wadda motoci ke kai da komo a kanta ba dare ba rana.

Akwai masu ganin cewa ɓarnar kuɗi ce jiha ta riƙe hanyar da ke hidimar garin da mazaunansa na dindindin ba su kai 600 ba, alhali masu motoci ne ke biyan harajin mai da ake gyaran hanyoyi da shi. Maganarsu ba ta rasa tushe ba, domin riƙe M-185 ba araha. Cikar tafkin Huron a tsakiyar shekarun 1980, da kuma a 2019 da 2020, ta sa igiyar ruwa ta cinye sassan hanyar, sai da ma'aikatar sufurin jiha ta jibge manyan duwatsu a gaɓa ta sake shimfiɗa kwalta. Sai dai lissafi da yawan mazauna kawai kuskure ne. Dubban ɗaruruwan baƙi ne ke zuwa tsibirin kowace bazara, kuma kewaya shi a kan keke na daga manyan abubuwan da ke kawo su. Masu ba da hayar keke, masu masauki, masu jirgin fito da garuruwan da ke ƙetare duk da wannan hanya suke ci, jiha kuma tana karɓar haraji daga cinikinsu. Ban da haka, fiye da kashi 80 cikin ɗari na tsibirin mallakar jiha ne, mai gona kuwa shi ke gyara hanyar gonarsa.

Wasu kuma na cewa duk abin wasan kwaikwayo ne don burge 'yan yawon buɗe ido, babu garin da zai rayu ba mota. Gaskiya ne dokar tana da sassauci: motar kashe gobara da ta ɗaukar marasa lafiya suna aiki, a hunturu kuma mazauna na hawa baburan kan dusar ƙanƙara. Gaskiya ne kuma akwai wahalar jigilar kaya da sharar kashin dawaki. Amma kayan abinci da na shaguna har yau a amalanken doki ake rarraba su, wannan kuwa aikin yau da kullum ne. Sai a 2005 aka sami karon motoci na farko a hanyar, tsakanin motar kashe gobara da ta asibiti. Yadda jama'a suka ɗauki dokar ya fito fili a 2019, lokacin da mataimakin shugaban ƙasa Mike Pence ya shiga tsibirin da ayarin motoci, aka yi ta suka ana tuna cewa Shugaba Gerald Ford a keken doki ya zagaya a 1975.

Ba kowane gari ne zai iya yin abin da Mackinac ya yi ba, domin ruwan da ya kewaye shi ne ya sauƙaƙa tsaron dokar. Abin da ya tabbata shi ne, ƙaramar majalisar gari ce ta zaɓi irin zirga-zirgar da ta dace da sana'ar mutanenta, jiha kuma ta gina hanya daidai da zaɓin, ta ci gaba da kula da ita sama da shekara 100. Kuɗin da Michigan ke kashewa a kan M-185 bai tafi a banza ba.